Na'iya Tela da Wasiƙun Tungar Dawuda

Da tsufansa na san Na'iya, bayan na auri 'yar ƙanwarsa. Nakan je gaishe shi a rumfarsa ta bakin tashar Tambuwal, in zauna a kan buhun ƙyallaye ina kallonsa yana lalaben kafar allura. Labarin nan rabinsa daga bakinsa na ji, rabi kuma daga bakin matarsa Saudatu, wadda ta fi shi riƙe shekaru.

Ɗan manomi ne, haifaffen Tambuwal. Wani zazzaɓi da ya yi yana ɗan shekara biyar ya bar masa ƙafar hagu a shanye, ba sosai ba, amma ya isa ya hana shi yini a gona riƙe da hauya. Sai mahaifinsa ya kai shi wajen wani tela. Ya yi karatun allo har hannunsa ya faɗa a ajami, daga baya da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci ya je ya koyi boko. Har ya kai shekara arba'in bai taɓa wuce Dogon Daji ba.

Mutum ne mai shiru. Ƙafar dama na taka keken ɗinki, ido na kan allura, hankalinsa kuwa Allah kaɗai ya san inda yake. Saudatu takan ce, "Sai ka yi mai magana sau uku sannan shi juyo, awa wanda yad dawo daga tafiya."

A zamanin nan, da an gama girbi samari kan bar ƙauyuka su nufi kudu cin rani, wasu Ibadan, wasu Ikko, wasu har Kumasi. Wasu su dawo da faɗuwar ruwa, wasu su zarce. Waɗanda suka zarce sukan aiko da wasiƙa ta hannun direbobin motocin goro, kuma rumfar Na'iya ce ta fi kusa da inda motocin ke tsayawa. Tun da ya iya karanta ajami da boko, direba kan miƙo masa damin wasiƙu ta taga ya wuce Sakkwato. Ba wanda ya ɗora masa wannan aiki. Haka dai ya tsinci kansa a ciki.

Da farko a kwando yake zuba su. Ranar kasuwa mutumin Jabo zai zo ya tsaya, Na'iya ya zazzage kwandon a tabarma yana ɗaga kowace yana dubawa, ɗinki na jira. A shekarar da aka sami mulkin kai aka ba shi aikin ɗinka ƙananan tutoci na 'yan makaranta, kore da fari, ragowar ƙyallayen suka cika buhu. Saudatu ta kawo masa fura wata rana ta tarar da shi durƙushe cikin takardu.

Ta ce, "Kai da ka iya ɗunka aljifu ga rigar kowa, mi zai hana ka ɗunka ma kowane gari nashi?"

Ya shimfiɗa farin yadi a jikin zanan rumfar, ya ɗinka masa aljihuna, kowane da sunan gari a goshi: Jabo, Dogon Daji, Kebbe, Fakku, da sauransu. Ƙa'idarsa ba ta da yawa. In wasiƙa ta zo, ya karanta sunan gari, ya nemi aljihunsa. In akwai, ya zura ta a bayan waɗanda ta tarar, don wadda ta riga zuwa ta zauna a gaba. In babu, ba ya ajiye ta ko'ina sai ya tashi ya yanki ƙyalle ya ɗinka sabon aljihu tukuna, ko da ita kaɗai za ta zauna a ciki. Ba ya fitar da tsohuwa don sabuwa ta sami wuri. In aljihu ya cika, farke shi yake ya ƙara masa faɗi. Kuma ba ya buɗe wasiƙar kowa sai mai ita na zaune a gabansa.

Wannan bango ya zame masa abin kallo. Da azahar, in kasuwa ta lafa, yakan jingina da keke ya zuba wa aljihunan ido. Na Jabo kullum da ciki, na Fakku siriri. Wasiƙun Kumasi suna zuwa da ƙanshin ganyen goro, na Ikko da danshi kamar an kwana da su a bakin randa. Yakan shinshina ɗaya ya lumshe ido, sai ya ga kansa yana tafiya cikin garin da bai taɓa takawa ba, ƙafarsa lafiya lau.

Da sanyin shekarar da ta biyo baya wata wasiƙa ta zo, rubutun ajami mai kyau irin na masu rubuta wa mutane a zango. An rubuta: Zuwa ga Malam Dawuda, Tungar Dawuda, ƙasar Kebbe. Na'iya bai taɓa jin tungar ba, amma ba abin mamaki ba ne, don ƙasar Kebbe cike take da irin waɗannan 'yan ƙauyuka da mutum ɗaya kan sari daji ya kafa. Ya yanki koren ƙyalle ya yi mata aljihu a ƙasan na Fakku.

Mai ɗaukar wasiƙun Kebbe da Fakku wani falke ne mai jakuna, Almu, da ke kai gishiri da kanwa kudu ya dawo da dawa. Na'iya ya nuna masa.

Almu ya juya takardar ya ce, "Tungar Dawuda? Shekara ashirin nika bin wagga hanya, ban taɓa jin ta ba. Dawuda dai akwai su, na san fuɗu. Babu mai tunga cikinsu."

"Ka tambaya mini."

Almu ya tambaya a Kebbe, ya tambaya a Fakku. Dawudan nan huɗu kowanne ya ce ba shi da kowa a kudu. Wasiƙar ta dawo aljihunta.

Bayan wata biyar ta biyu ta zo, hannu ɗaya, suna ɗaya. Na'iya ya zura ta a bayan ta farko. Ta uku ta zo da kaka. Direbobin ba su san mai aikowa ba, don kafin wasiƙa ta iso Tambuwal ta bi hannu uku ko huɗu. Sauran aljihunan suna cika suna raguwa duk mako, wannan kuwa sai ƙaruwa yake, har Na'iya ya farke shi ya ƙara masa faɗi.

Tun ba ya so, har ya fara gina garin a ransa. Ya ba shi gida tara da masallacin zana. Ya sa masa rijiya a tsakiya, mai ruwan sanyi, da giginya uku a gabas. Shi Malam Dawuda ya mai da shi dogon dattijo mai ɗan gemu, wanda ke zama a kan buzu yana duban hanya. Wani lokaci ana cikin gwada wa mutum riga sai ya tsaya da awo a hannu, ya ga matan tungar suna shanya gero, ya ji ƙarar guga a bakin rijiyar. Saudatu ta ce har a gida yakan ambaci wurin kamar ya taɓa kwana a can. Wata rana da aka yi ruwa mai ƙarfi ya ce, "Ko ya kai Tungar Dawuda?"

Ta ce masa, "Malam, garin ga babu shi."

Ya ce, "Wani na rubuto mai, Saudatu. Mutum ba shi rubutu zuwa inda babu."

Ta bakwai ta zo a daminar shekara ta uku. Wannan karon an ƙara layi ɗaya a ƙasan sunan: wajen tsamiya biyu, yamma da Fakku. Almu ya ce ya san tsamiyoyin, yakan huta a gindinsu, amma daji ne, ko bukka babu. Na'iya ya kwana biyu yana juya zancen a ransa. A na uku ya gaya wa Saudatu cewa in an yanke gero zai bi Almu.

"Da wagga ƙafa?"

"Jaki za shi yi tafiyar, ni zama nika yi."

Ya ɗaure wasiƙun bakwai da zare yadda suke a jere, ya sa a aljihun ƙirji. Suka tashi da sassafe bayan kasuwa. Kwana uku suka yi a hanya, kuma Na'iya ya ce bai taɓa jin kwanaki masu tsawo da daɗi irinsu ba. Dawa ta nuna, kawunanta jajaye sun sunkuyo a kan hanya har suna shafar hularsa. Tsuntsaye na tashi daga gona zuwa gona kamar hayaƙi. Wajen Kebbe suka iske gulbi da sauran ruwansa, aka sa su a jirgi, jakuna suka bi iyo, kunnuwa kawai ake gani. Ya sa hannu a ruwan ya bar shi yana ja, har suka ƙetare. Can kudu ƙasa ta sake, itatuwa suka yi kauri, ya ga kaɗanya da ɗorawa fiye da yadda ya zaci akwai a duniya.

Da hantsin rana ta huɗu Almu ya nuna da sanda. Tsamiya biyu ne manya, rassansu sun haɗe sama. Babu gida, babu giginya. A gefe akwai wani rami mai zurfin tsayin mutum da rabi, duma ya yaɗu a ciki ya yi 'ya'ya, ga tulin jar ƙasa da ciyawa ta rufe, ga wasu duwatsu da aka jera kamar za a fara gini. Kurciya ce kawai ke kuka. Na'iya ya sauka daga jaki ya zauna a bakin ramin. Ya gaya mini cewa na ɗan lokaci ya ga gidajen nan tara a tsaye, kowanne a inda ya ajiye shi, sannan iska ta kaɗa ciyawa suka tafi.

Suna nan zaune wata Bafillatana ta biyo hanyar da ƙwaryar nono a ka. Suka gaisa, ta ce, "Ramin Ladan kuka kallo? Allah shi jiƙan shi, bai kai ga ruwa ba."

Almu ya juyo a hankali. "Ladan na masallacin Fakku?"

"Shi na. Nan yas so shi kafa gari."

Almu ya cire hula ya shafa kai. Ya san Ladan sarai, mutumin da ya shekara talatin yana kiran salla har kowa ya manta da sunan yankansa. Ladan ya rasu shekara uku da suka wuce. Almu ya san matarsa ma, Marka, wadda duk zuwansa takan fito ƙofa ta tambaye shi ko akwai saƙo daga ɗanta Ɗangiwa, shi kuma ya ce mata babu.

Suka nufi Fakku, suka iske Marka a zaure tana kaɗi, 'yar gajeruwar tsohuwa mai ƙananan idanu. Aka kira ƙanin mijinta ya zauna. Bayan an gaisa an sha ruwa, Na'iya ya ce, "Inna, ina tambaya, ki yi mini haƙuri. Marigayi, ko sunanai Dawuda?"

Mazarin da take murzawa ya tsaya. Ta dubi zaren ta ce, "Rabona da jin wanga suna tun ranar da anka ɗaura muna aure."

Nan aka warware masa zancen. Ladan ya yi niyyar barin Fakku ya sari daji wajen tsamiya biyu, shi da ɗansa guda. Sun fara haƙa rijiya tare, Ladan na ta faɗin cewa kafin shekara ta zagayo za su tare. Ana tsakiyar aikin Ɗangiwa ya bi abokansa kudu, ya ce wata huɗu zai yi. Da ruwan farko Ladan ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Ɗangiwa bai sani ba. A zatonsa an gama rijiya an tare, garin kuma ya ɗauki sunan mai shi. Mai rubutun zango ne ya nemi sunan yanka, ya ba shi.

Na'iya ya kwance zaren. Marka ta ce, "Wadda taf fara zowa, ita za ka fara. Kuma kar ka yi sauri."

Ta farko gaisuwa ce da labarin isa Kumasi: yana dakon goro, ruwan sama kullum, itatuwa sun fi hasumiya tsawo. Ta biyu tambaya ce: a gaba nawa aka sami ruwa, yana da daɗi, wa da wa suka biyo su tungar? Da Na'iya ya kai nan Marka ta ɗaga hannu.

"Ya isa na yau. Shekara fuɗu ban ji shi ba, ba ni shanye shi yini guda."

Haka Na'iya ya kwana huɗu a Fakku. Kullum da la'asar sai a shimfiɗa tabarma, ya karanta biyu. A ta uku Ɗangiwa ya yi aure, 'yar wani mutumin Zabarma. A ta huɗu an haifa masa ɗa ya sa masa sunan kakansa, suna kiransa Baba. Marka ta sa aka maimaita wannan sau uku, tana murmushi tana duban tafin hannunta. Ta biyar ta fara nauyi: me ya sa ba a ba shi amsa, ko mahaifinsa na fushi ne don ya bar shi da rami? Ta shida ya je bakin teku da mai gidansa, ya ce ruwa ne da ba shi da ƙetare, ya tsaya yana tunanin rijiyarsu. Ta bakwai gajeruwa ce. Ya ce ya gane shirun, ba zai dawo ya tsaya gaban mahaifinsa ba sai an rubuto an ce an yafe masa.

Marka ta ce wa Na'iya ya ɗauko takarda. Ƙanin mijinta ya ce a rubuta cewa marigayi bai taɓa fushi ba ko na yini ɗaya.

Ta ce, "A'a. Ya yi fushi, wata guda ba shi son a ambaci yaron. Rubuta hakanan. Sannan ka rubuta ranar da yak kwanta ya ce a ajiye ma Ɗangiwa dagi da igiya, kar a ba kowa aro. Suna nan bayan rumbu. Shi ya san abin da wannan ka nufi. Ka ce ni ko ina nan, idona na gani, shi kawo mini yaron in gan shi."

A cikin wasiƙun akwai sunan mai gidan da Ɗangiwa ke zaune wajensa a zangon Kumasi. Na'iya ya dawo Tambuwal da ƙafa a kumbure, ya ba direban farko da ya nufi kudu amsar, ya roƙe shi ya sa ta a hannun wanda ya yarda da shi. Daga nan shiru. Shekara ta zagayo ba ta takwas, har Saudatu ta daina tambaya.

Da ranin shekara ta biyu wata motar goro ta tsaya, wani ƙaƙƙarfan mutum ya sauko da mace da yara biyu da akwatin ƙarfe. Ya tsaya a bakin rumfar yana duban bangon aljihuna, ya ce, "Kai na Na'iya? Ni na Ɗangiwa." Ya durƙusa ya gaishe shi kamar uba. Ba su yi doguwar magana ba. Na'iya ya aika gida aka kawo fura, ya yi ta kallon yaron da ake kira Baba, wanda Hausarsa ke fita da wani lanƙwaso na can. Ɗangiwa ya ce amsar ta yi wata bakwai kafin ta same shi, ya karɓe ta ya kasa rubuta komai, sai ya fara shirin tahowa.

Sauran labarin Almu ne ya riƙa kawo shi guntu-guntu. Ɗangiwa ya ɗauko dagi da igiya ya koma ramin, ya yi gaba biyu ya iske dutse. Ya bar shi, ya matsa taki ashirin kudu ya fara sabo, a gaba tara ruwa ya ɓullo. Gida uku suka fara tarewa, daga baya wasu suka biyo. Marka ta ƙi tashi daga Fakku, ta ce ta tsufa da sabon ɗaki, amma takan sa a kawo mata ruwan a tulu. Ta ce yana da ɗan kanwa-kanwa, bai kai na Fakku daɗin sha ba, sai dai wake ba ya daɗewa a wuta da shi. Ta rayu har ta ga Baba ya fara bin awaki.

Bayan an raba Arewa jiha-jiha hanyar wasiƙu ta sake, direbobi suka daina miƙo dami ta taga. Na'iya ya ci gaba da ɗinkinsa har idonsa ya raunana, ya koma yin kaftanin yara kawai, don ɗinkinsu gajere ne. Ya rasu da damina, shekara biyu kafin Saudatu, ranar Laraba bayan azahar. Akwai wata 'yar shuɗiyar riga a ƙarƙashin allura da saura hannu ɗaya. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya ƙarasa ta, aka kai wa mai ita kafin salla.